Rakiyar Fiyanon Darakta

Duk wanda bai san Alhaji Na'ibi Katuru ba, laifinsa ne, don Alhaji ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Hotonsa na kan allon makarantarsa a Shinkafi, yana kan kalanda, yana bayan littattafan rubutun yara. Har a jikin motar da ke kwasar su yana nan, ya ɗaga yatsa ɗaya yana nuna gaba, wajen da ilimi yake. Sunan makarantar Na'ibi ta Ƙasa da Ƙasa. Ajujuwa huɗu ne da rumfa, amma akwai yara biyu da iyayensu suka ƙauro daga Nijar, saboda haka babu mai cewa an yi ƙarya.

Ba ya son a ce masa mai makaranta. Darakta ne. Mutanen kasuwa, da suka fi kowa sanin darajar mutum, sun ƙara masa da Sarkin Jawabi, ya kuma karɓa hannu biyu. Ya cancanta. An taɓa roƙonsa ya yi 'yar godiya a wajen suna, bai zauna ba sai da naman ragon ya soyu.

Abu ɗaya ya rage wa Darakta a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar masu makarantun kuɗi ta Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Sau biyu yana nema, sau biyu ana ba Malam Armiya'u na Zurmi, mutumin da ba shi da hoto a ko'ina sai a katin zaɓe, wanda jawabinsa duka bai wuce "to, mu fara" ba. Darakta ya zauna ya yi nazarin wannan zalunci, ya gano cewa mutane ba sa gane girma sai sun gan shi da ido, an kuma ɗauko shi da ƙyar. Da aka sa zaɓe na uku ranar Asabar bayan azahar a Zurmi, sai ya aika wa kowane wakili cewa bana ba za a buɗe taro da muryoyin tsofaffi ba. Za a rera taken ƙasa a kan fiyano, abin kiɗan nan na Turawa, babba, mai aiki da lantarki, irin wanda ake kafawa a manyan dandamali. Ya saye shi daga wani mai kayan sauti a Gusau, za a kuma sauke masa shi a Kaura.

Juma'ar jajiberin zaɓe ita ce rana ta ƙarshe da ya yi cikin cikakkiyar martabarsa, kuma bai ɓata ta ba. Bayan asuba ya gwada jawabin karɓar kujera a gaban madubi. Da hantsi ya gwada shi a gaban matarsa Furera, tana tsintar wake. Bayan masallaci ya gwada shi a gaban malaman makaranta, waɗanda ba su da wurin gudu. Da la'asar ya je da kansa ya tsaya a kan mai bugun riga.

Furera ce kaɗai ta yi tambaya.

"Alhaji, wa zai kaɗa shi?"

"Furera, wannan tambayar mutanen da ce. Akwai maɓallin da in an danna yake kaɗa kansa. Ni zama kawai zan yi a gabansa in ba shi jagoranci."

Ta ci gaba da tsintar wake.

Asabar, da rana ta ɗaga yadda za a iya bin hanya, suka kama hanyar Kaura, shi da Hammadu ƙanin Furera, wanda ke tuƙa masa 'yar ƙaramar motarsa. Fiyanon na jiransu a wani shago cikin lungun kasuwar hatsi, a baƙin akwati mai kusurwoyin ƙarfe. Darakta ya kama hannun akwatin don a ga yadda ake ɗaga abu mai daraja. Akwatin bai san an kama shi ba. Ya saki, ya ce gwaji ya yi.

Mai shagon ya isar da saƙon mutumin Gusau: kada rana ta buge shi, kada a girgiza shi. Darakta ya ce ya san da haka tun kafin a haifi mutumin Gusau.

Mota ba ta shiga lungun, sai aka kira Keke Napep. Ƙarti suka ɗora akwatin a gicciye, ya leƙo ta nan ya leƙo ta can. Mai keken ya tayar. Gefen hagu ya share tiren mai goro, gefen dama ya tafi da hular wani dillalin wake, sannan ƙafar gaba ta ɗaga sama, mai keken ya tsinci kansa yana kallon gajimare. Darakta ya juya ga jama'ar da suka taru.

"Kun gani da idonku. Wannan shi ne nauyin ilimi. Ƙananan abubuwan hawa ba sa ɗaukarsa, kamar yadda ƙananan kawuna ba sa ɗaukarsa."

Mai goro na tsugune yana tsintar kayansa.

A bakin mota kuma akwatin ya ƙi shiga. Aka juya shi, aka karkata shi, Hammadu ya yi masa magana mai daɗi, ya ƙi. Darakta ya ba da umarni a ciro fiyanon a bar akwatin a shago. Amma ga rana. A nan ne kimiyya ta yi aikinta. Fari, in ji Darakta, yana mayar da zafi inda ya fito, shi ya sa likitoci ke sa shi. Ya aika aka yanko farin yadi, aka naɗe fiyanon tsaf. Don kada ya bugu, aka ƙara masa sabuwar tabarma, aka ɗaure kai da tsakiya da ƙarshe. Aka kwantar da kujeru, aka zura shi ta but ɗin baya har sai da ya hau kan kujerar gaba.

Ya shiga daidai. Sai dai babu sauran wurin mutum in ban da direba.

Darakta ya dubi motarsa, ya dubi rigarsa mai sabon bugu, ya yanke hukuncin da manya ke yankewa. Ya kira ɗan kabu-kabu. Haka aka fita Kaura zuwa Zurmi, fiyano a mota, Darakta a bayan babur, iska ta cika babbar riga har ta ninka shi biyu, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya riƙe da cikin ɗan kabu-kabu. A wani shingen bincike, jami'in ya leƙa motar, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya ce su wuce. Ko takarda bai tambaya ba.

"Ka gani?" in ji Darakta a kunnen ɗan kabu-kabu. "Sun san ni."

Motar ta yi ƙoƙari. Ta kai bakin garin Zurmi, ta yi tari, ta fitar da tururi, ta tsaya. Hammadu ya buɗe bonet ya tura kansa ciki, wajen da ba a yi masa jawabi. An riga an sallame azahar. Wakilai na can suna jira, kuma Darakta ya san Armiya'u ba ya jiran kowa kafin ya ce "mu fara".

Wani ya kawo amalanke. Darakta ya dubi ramukan da ruwan jiya ya bari a hanya, ya ce ba buhun gero ya ɗauko ba. Sai idonsa ya faɗa kan tsanin gwangwala da wani magini ya jingina. Ya are shi. Aka shimfiɗa tsanin, aka kwantar da naɗin tabarmar a kai, farin yadi na leƙowa ta kai da ƙafa. Aka samo 'yan dako huɗu. Babbansu ya dubi kayan, ya dubi Darakta, ya buɗe baki.

"Alhaji, wanga kaya..."

"Ba ruwanka da abin da ke ciki. A kafaɗa za ku ɗauka. Ba hira, ba dariya, ba gaisawa da kowa. Ku nutsu, ku san abin da kuka ɗauko ya fi ƙarfin wasa. Ni zan shiga gaba. Ku ba ni tazara, babba ba ya jerawa da kayansa."

Ya biya su kuɗinsu tun kafin a fara, don a san ba ƙaramin mutum ya sa su aiki ba. Ya gyara hula, ya ɗaure fuska irin ta shugabanni, ya shiga gari.

Darakta ya daɗe yana zargin cewa mutanen Zurmi na girmama shi a ɓoye. Ranar ya tabbatar. Mai shayi na farko da ya hango su ya kashe rediyo. Masu dara a gindin dalbejiya suka miƙe tsaye. Babura suka kauce gefe suka kashe inji. Wani tela ya fito yana sa takalmi da sauri. Darakta ya ɗan ɗaga musu hannu, ba da yawa ba. Bai waiwaya ba, don shugaba ba ya waiwaye.

Da ya waiwaya, da ya ga abin da kowane ɗan garin ya gani. Mutanen Zurmi sun ɗauki makara da yawa a 'yan shekarun nan, har kafaɗunsu sun san aikin. Ba a tambayar ta wa ce. Mutum ya ajiye abin da ke hannunsa, ya bi, ya matsa kusa, ya taɓa kafaɗar mai ɗauke da ita, wancan ya zame, shi ya shiga. Ya yi 'yar tafiya, wani ya taɓa tasa. Kowa na neman ladarsa, kuma ba a magana.

Telan ne ya fara taɓa kafaɗar babban ɗan dako. Ɗan dako, da aka hana shi magana, kuma kafaɗarsa ta fara tsami, ya zame. Kafin a wuce masallacin unguwa, babu ɗaya cikin huɗun da ke ƙarƙashin tsanin. Sun tsaya a baya suna duban juna. Aka ga sun juya sun nufi wajen mai shayi.

Darakta na jin takun ƙafafu na ƙaruwa a bayansa, kamar ruwa na tahowa. Ya fara gyara jawabinsa a zuci. Inda ya rubuta "wakilai masu daraja" zai ƙara da "da ɗaukacin al'ummar Zurmi".

A mararraba hanyar zauren taro ta yi dama. Darakta ya yi dama. Can ga wakilai a ƙarƙashin inuwa, masu makarantun ƙananan hukumomi uku, kowa da ƙuri'arsa. Suna hango shi suka miƙe gaba ɗaya, suka taho da sauri, Armiya'u a gaba. Darakta ya tsaya ya buɗe hannuwa. Abin da ya jira shekaru ke nan.

Armiya'u ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Darakta, ba mu ji ba. Allah ya jiƙan rai, ya ba ka haƙuri."

Ya wuce. Na biyu ya kama hannun, ya faɗi haka, ya wuce. Sakataren ƙungiya har da hawaye. Sai a lokacin Darakta ya waiwaya.

Fiyanon bai yi dama ba. Ya miƙe sosai, a kan kafaɗun mutanen da suka san hanya, cikin saurin da ake yi wa mamaci don kada a tsayar da shi. Bayansa jama'a ce ta cika titi daga bango zuwa bango. Darakta ya hango farin yadin na hawa yana sauka a saman kawuna, ya kuma hango Armiya'u ya kutsa ya taɓa kafaɗar wani.

Ya tattare riga ya bi su da gudu-gudu.

"Ku tsaya. Ku dawo da shi. Ba can za shi ba."

Wasu dattawa biyu suka riƙe shi, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu.

"Haka kowa ke ji, Alhaji. Yi shiru. Yi ta salati."

Kalma ɗaya ce za ta tsayar da su, kuma tana bakinsa. Amma ya dubi titin. Faɗin ta a nan, da ƙarfi, a tsakiyar gari, cikin haki, ga wakilai na ji, ba aikin shugaba ba ne. Abu irin wannan yana son tsari. Yana son a tsaya, a yi shiru, a ba mutum dama ya yi bayani daga tushe. Ban da haka, kuma wannan Darakta bai taɓa faɗa wa kowa ba, bai taɓa ganin taro irin wannan a dalilinsa ba. Ya bari dattawan suka riƙe shi, ya ɗan jingina da na dama.

A makabarta aka sauke tsanin a hankali a ƙarƙashin wata aduwa. Malam Maccido, tsohon da ke kula da wurin, ya fito daga rumfarsa yana gyara rawani. Ya ce ba wanda ya aiko masa, amma ba komai, ba yau aka fara ba. Ya ɗauki kara ya gwada tsawon naɗin, ya karya shi daidai, ya dubi abin da ya rage a hannunsa.

"Yaro ne," in ji shi.

Wasu maza suka sunkuyar da kai. Samari suka karɓi karan, suka ɗauki diga da shebur, suka fara haƙa.

"An yi mishi salla?"

Aka dubi juna. Telan ya ce shi a hanya ya tarar. Wani mai nama ya ce shi telan ya bi. Liman, wanda ya zo da gudu daga gidansa, ya ce shi dai ba a kira shi ba.

"To wa ya yi wanka? Ina uban yaro?"

Jama'a ta dare. Dattawan suka gabatar da Darakta. Ga shiru, ga taro, ga kowa na dubansa. Ya gyara murya.

"Jama'a, assalamu alaikum. Kafin in shiga gundarin magana, ya kamata mu tambayi kanmu, mene ne ci gaba? A ƙasashen da suka riga mu, inda na samu damar karanta labarinsu, ba a raba tarbiyyar yaro da na'ura. Saboda haka idan muka dubi abin da ke kwance a gabanmu ta fuskar tarihi..."

"Alhaji," in ji Malam Maccido, "rana na yi. Mi ke cikin tabarma?"

"Zan zo nan."

Tsohon bai jira ya zo ba. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kwance igiyar kai, ya ɗaga tabarma, ya yaye farin yadi. Baƙin abu ya bayyana, dogo, da jerin fararen haƙora daga wannan kai zuwa wancan, da 'yan maɓallai. Ya sa yatsa ya danna haƙori ɗaya. Haƙorin ya nutse, ya dawo, bai yi ƙara ba.

Digar ta tsaya. Armiya'u na gefe yana murza kafaɗa.

"Fiyano ne," in ji Darakta. Shi ne jawabi mafi gajarta da ya taɓa yi.

Malam Maccido ya daɗe a tsugune. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya jefar da guntun karan.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Yau dai ba kowa."

Ba a dariya a makabarta. Mutanen Zurmi na da tarbiyya, sun riƙe ta. Suka yi wa na kwance addu'a tun da an zo, suka fita a jere, kowa ya cije leɓe. Sai da na ƙarshe ya ƙetare katanga aka sake ta. An ce wani mai facin taya sai da aka zaunar da shi aka ba shi ruwa.

An yi zaɓe bayan la'asar, cikin hanzari, don baƙi su kama hanya da sauran rana. An buɗe taron da muryoyin tsofaffi. Armiya'u ya ce "to, mu fara", aka fara, aka gama, aka ba shi kujerarsa. Amma ƙungiya ba ta manta da alheri. Sakatare ya miƙe ya ce a tarihinta babu wanda ya taɓa tara mata jama'a irin ta yau, saboda haka yana ba da shawarar a kafa kwamitin ta'aziyya, a ba Darakta shugabancinsa. Ba wanda ya ƙi. Darakta ya yi niyyar ƙi, sai ya ji kalmar shugaba. Ya miƙe ya karanta jawabin da ya shirya, bai rage komai ba.

Kayan kuwa an san yadda aka yi da su. Tabarmar ta tafi masallacin unguwa. Tsanin, maginin ya ce ba zai sake hawansa ba, aka bar wa Malam Maccido. Farin yadin ma shi aka bar wa, ya ninke ya ajiye don wanda ba shi da hali. Ramin da samari suka fara ba a cike shi ba, kuma bai yi mako yana jira ba.

Fiyanon ne ya rasa mai ɗauka. Hammadu ya ce shi dai ba zai zauna mota ɗaya da abin da ya je makabarta ya dawo ba, ko da za a kai ƙararsa wajen yayarsa. Direbobin tasha suka ce su ma haka. Armiya'u ya ce a ajiye a makarantarsa kafin a samu mota. Wata malama a can ashe ta ɗan iya, yanzu yaran Armiya'u ke rera taken ƙasa a kansa kowace safiya. Darakta na gaya wa mutanen Shinkafi cewa ya ba da aronsa ne don ɗaga darajar ilimi a yankin, kuma yakan je duba shi.

Duk ranar da ya sauka a Zurmi, mai shayi kan rage rediyo, masu dara su ɗago kai, telan ya leƙo, su gaishe shi cikin ladabi, fuska ba dariya.

"Darakta, ya haƙuri?"

Gaisuwa ce, ba a ƙin amsa ta, kuma amsarta ɗaya ce. Sarkin Jawabi kan gyara hula ya dubi gaba.

"Da godiya."